Firijiyan, tiraiton, tsani mai takwas ko karon sautuka: wanne za ka ɗora waƙar metal ɗinka a kai?

Duk wanda ya daɗe yana haɗa rif (gajeren salon kiɗa da ake maimaitawa cikin waƙa) a jita zai kai wani lokaci da yatsunsa za su gundure shi. Ko'ina ya ɗora hannu sai ya tsinci kansa a kan kod (sautukan da ake kaɗawa tare) ukun nan da kowa ya haddace: E maino, C, D, a koma gida. Wannan ba abin kunya ba ne, domin Iron Maiden sun yi shekaru fiye da arba'in suna zagaya wannan jeri kuma har gobe filin wasa na karɓar musu amshi. Amma idan burinka waƙar da za ta hana mai sauraro sakat, akwai hanyoyin da mawaƙan hebi metal suka saba bi, kuma ko da yake duk "duhu" ake ce musu, kowacce da irin abin da take bayarwa da kuma abin da take ƙwacewa.

Domin mu fahimci juna, zan riƙa ƙirge da firet (ƙarafan da suka raba wuyan jita kashi-kashi) a kan tsirkiya mafi kauri, wato E. Tsirkiyar da ba a danna ba ita ce 0, kuma ita ce gida, sautin da kunne ke jiran a koma kansa. Firet na 12 shi ne E na sama. Tsani shi ne jerin sautukan da ake gina waƙa da su. Tsanin maino da aka saba da shi yana taka 0, 2, 3, 5, 7, 8, 10. Duk abin da zai biyo baya sauya waɗannan lambobi ne.

Kafin a zaɓi komai, sai an san halin distoshin, wato gurɓata sautin jita da gangan ya yi kaushi, domin shi ne alƙalin wannan shari'a. Idan sautuka biyu suka shiga amfilifayar da aka cika wa distoshin a lokaci guda, ba su kaɗai ke fitowa ba. Na'urar tana haifar da wasu sababbi, ciki har da wanda yake daidai da bambancin da ke tsakaninsu. Ɗauki A mai karkarwa 110 a daƙiƙa ka haɗa da E mai kusan 165. Bambancin 55 ne, wato wani A ɗin a ƙasa. Shi ya sa fawa kod, mai sauti biyu kacal da tazarar firet 7, ke fitowa da kauri fiye da yadda ka kaɗa shi: na'urar ta ba ka kyautar bes. Yanzu haɗa A ɗin nan da E-filat (E da aka sauke da firet ɗaya) mai kusan 155.6, tazarar firet 6. Bambancin ya zama 45.6, sautin da ba shi da dangantaka da A, ya maƙale tsakanin F da F-shaf (F da aka ɗaga da firet ɗaya). Abin da kunne zai ji shi ne gurnani. Ko tazarar firet 4, wadda take da daɗi a jita marar distoshin, tana ɗan ƙazanta a nan, saboda yadda ake raba firet ya sa ta haura ainihin matsayinta da kusan kashi 14 cikin ɗari na firet guda, alhali tazarar firet 7 kashi 2 kawai ta kauce. Saboda haka tambayar farko game da kowace hanya ita ce: za a kaɗa sautukan ɗaya bayan ɗaya ne, ko tare? A ƙasa ne, ko a sama?

Hanya mafi sauƙin shiga ita ce Firijiyan. Lamba ɗaya kawai za ka sauya a tsanin maino, 2 ta koma 1: 0, 1, 3, 5, 7, 8, 10. Wannan firet na 1 da ke manne da gida shi ne duk sirrin. Yana danne gidan, yana neman faɗawa kansa, kuma rif ɗin da ke kai-komo tsakanin 0 da 1 yana da nauyi tun kafin mai ganga ya shigo. Masu tirash metal da yawa na shekarun 1980 a nan suka yi sansani. Amfaninta babba shi ne gidan yana nan daram, firet na 7 ma yana nan, don haka fawa kod na zama lafiya, kuma mai rera waƙa yana da wurin tsayawa. Idan waƙarka tana da amshin da kake so mutane su rera tare da ku, da wuya ka sami wadda ta fi ta.

'Yar uwarta, Firijiyan dominan, ta ɗaga 3 zuwa 4: 0, 1, 4, 5, 7, 8, 10. Tsallen nan daga 1 zuwa 4 shi ke ba ta kamanninta. Wanda ya san maƙaman Larabawa zai gane ta nan take domin ta yi kusa da Hijaz, sai dai masu kaɗa Hijaz sukan ɗan matse tazarar fiye da yadda firet ɗin jita zai yarda. Tana cikin filamenko na Sifen, tana cikin kiɗan Yahudawan gabashin Turai. Sautukanta a kan E daidai suke da na hamonik maino a kan A, wurin farawa ne kawai ya bambanta, kuma daga wannan rijiya mai jita Ritchie Blackmore ya ɗebo a ƙungiyar Rainbow, kafin Yngwie Malmsteen ɗan Suwidin ya mayar da ita sana'a da kundinsa Rising Force na 1984, yana bin sawun tsofaffin makaɗan Turai Paganini da Bach. Ƙungiyar Nile ta Amurka, wadda waƙoƙinta suka ta'allaƙa da tsohuwar Masar, ta kai irin wannan sauti cikin des metal mai tsananin gudu.

Ina da ƙorafi a kanta. Launinta ya yi ƙarfi da yawa. Da ka taka 1 zuwa 4 sau biyu, mai sauraro ya riga ya hango hamada da dala, ko kana so ko ba ka so, kuma daga nan waƙar ta zama ta wannan hoto. Idan wannan kake nufi, madalla. Idan kuwa tsoro ko baƙin ciki kake son isarwa, to ka ajiye ta don solo ko gadar da ke tsakiyar waƙa, ka bar rif ɗin a Firijiyan zalla. Akwai kuma wani tarko da ke kama ƙungiyoyi masu jita biyu: ɗaya yana solo da firet na 4, ɗayan hannunsa ya saba da na 3 yana ta kai masa ziyara a rif. G da G-shaf suna haɗuwa ba da niyya ba, sai a ji kamar wani ya yi kuskure. Ku zauna ku yanke shawara tun kafin a shiga sutudiyo.

Tiraiton kuwa ba tsani ba ne, tazara ce guda: firet 6, rabin hanya cif tsakanin E na ƙasa da na sama. Da ita aka buɗe ƙofar wannan kiɗa baki ɗaya. A ranar 13 ga Fabrairu 1970 Black Sabbath, samari huɗu daga Birmingham a Ingila, suka fitar da kundinsu na farko, kuma waƙar da ta buɗe shi an gina ta a kan sautuka uku: G, G na sama, sai D-filat da aka bari yana rawa a iska. Geezer Butler, mai jitar bes, ya sha faɗin cewa yana gwada kaɗa "Mars" na mai tsara kiɗa Gustav Holst ne kafin Tony Iommi, mai jitarsu, ya zo da rif ɗin. Za ka ji ana cewa wai coci ta taɓa haramta wannan tazara a Turai har da hukunci. Tatsuniya ce. Malaman kiɗa na da sun riƙa gargaɗin ɗalibai su yi hattara da ita domin tana da wuyar rerawa, amma tana zaune cikin kod ɗin dominan mai bakwai da ake ji a kusan kowane kiɗan Turai tun zamanin Bach.

Abin lura a wannan rif shi ne ba a kaɗa sautukan tare ba, kuma ba a yi sauri ba. Tiraiton na buƙatar fili. Sai kunne ya zauna a gida, ya sa ran jin firet na 7, sannan a ba shi na 6 a bar shi da shi. Idan ka cusa ta cikin rif mai gudu, sai ta zama sautin wucewa kawai, irin wanda masu buluz ke taɓawa tsakanin 5 da 7 ba tare da kowa ya firgita ba. Don haka ita ce zaɓin mai dum metal, ko duk wanda waƙarsa ke tafiya a hankali da nauyi. Rauninta shi ne ba ta iya ɗaukar waƙa ita kaɗai. Dabara ce ta rif guda, wataƙila biyu. Ko waccan waƙa ta Sabbath sai da ta sauya taki ta shiga gudu a ƙarshenta.

Masu son su mayar da tiraiton cikakken tsani sukan nufi Lokiriyan: 0, 1, 3, 5, 6, 8, 10. A takarda ita ce mafi duhu, domin ta haɗa firet na 1 da na 6. A aikace kuwa da wuya ka ji waƙar metal da ta tsaya a cikinta daga farko har ƙarshe, kuma dalilin a bayyane yake: ba ta da firet na 7. Da zarar ka kaɗa fawa kod a kan gida, ka riga ka fita daga cikinta. Wannan ma ya shafi sauran. A Firijiyan na E, fawa kod a kan B yana ɗauke da F-shaf, wanda ba ya cikin tsanin. Babu wanda ya damu, kuma bai kamata a damu ba. Kunne yana bin sautin ƙasa na kowane fawa kod ne, na saman yana jin sa a matsayin kauri. Wanda ya ce maka rif ɗinka "ya karya doka" saboda wannan, littafi ya karanta bai saurari kiɗan ba.

Tsani mai sauti takwas ya fi duk waɗannan ban sha'awa a wurina, kuma ya fi su haɗari. Ana gina shi da taka firet ɗaya, sannan biyu, ɗaya, biyu, har a kai sama: 0, 1, 3, 4, 6, 7, 9, 10. Duba abin da ke ciki. Akwai na 1 na Firijiyan, akwai na 3 da na 4 gaba ɗaya, akwai tiraiton, kuma ga na 7 bai tafi ko'ina ba. Wato duk kayan aikin da muka ambata sun taru wuri guda, kuma fawa kod na zama a kan 0, 3, 6 da 9 ba tare da an fita daga tsanin ba. Mawaƙan Rasha sun riga kowa shahara da shi, har a birnin Sen Fitasbag ana kiran sa da sunan Rimsky-Korsakov, ɗalibinsa Stravinsky ya cika manyan ayyukansa na farko da shi, Messiaen na Faransa kuma ya yi bayaninsa a littafinsa na 1944 cikin tsanukan da ba sa sauya wuri sai kaɗan. Iri uku kacal gare shi a duniya: na huɗu maimaicin na farko ne.

Ga mai jita wannan ganima ce. Duk siffar da yatsunka suka yi, matsa ta gaba da firet 3 za ta sake dacewa. Rif ɗaya ya zama huɗu ba tare da ka yi tunani ba, shi ya sa masu des metal na fasaha ke ƙaunarsa. Amma nan ɗin ne matsalar take. Tunda komai na maimaita kansa bayan firet 3, E da G da B-filat da D-filat duk suna da haƙƙin zama gida daidai wa daida. Kamar ɗaki ne mai ƙofa huɗu iri ɗaya, ka juya sau biyu ka manta ta inda ka shigo. Minti ɗaya na wannan ruɗani yana da daɗi. Minti shida kuwa, mai sauraro zai daina tsoro ya fara hamma, domin tsoro na buƙatar wurin da ake gudun a rasa. Maganin da aka saba shi ne a riƙe gida da ƙarfin tsiya: a riƙa komawa buɗaɗɗiyar tsirkiyar E tsakanin kowane sauti, ko mai bes ya kafe a kanta yayin da jita ke yawo. Mai rera waƙa da murya mai zaƙi zai sha wuya a wannan tsani. Mai gurnani babu ruwansa.

Akwai kuma tsanin da ake taka firet biyu-biyu, 0, 2, 4, 6, 8, 10, wanda aka fi danganta wa mai tsara kiɗa Debussy na Faransa. Ba shi da na 7 ko na 1, don haka ba ya cizo, shawagi yake yi. Ya dace da daƙiƙa goma na mafarki kafin a dawo da nauyi, iyakarsa ke nan. Haka kuma masu zuba sautuka 12 duka ba tare da tsani ba, irin rif da solo na Slayer a Reign in Blood na 1986, kundin da bai cika minti 30 ba: a wurinsu gudu da bugun ganga ne ke riƙe waƙar, kuma buɗaɗɗiyar tsirkiya na tsaye a matsayin gida.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu sautuka ne a jere. Hanya ta ƙarshe ita ce a tara su a kaɗa tare, kuma ta kasu biyu.

Ta farko ita ce ta blak metal ɗin Nowe na farkon shekarun 1990, irin ta Emperor: a ɗauki cikakken kod maino a riƙa matsar da shi yadda yake zuwa wuraren da tsani bai yarda ba. Gwada E maino zuwa C maino. Na farko E, G, B ne, na biyu C, E-filat, G. G bai motsa ba, B ya hau firet ɗaya, E ya sauka firet ɗaya. Motsin ƙanƙane ne, amma ji za ka yi kamar ƙasa ta zame a ƙarƙashinka. Masu kiɗan fim sun daɗe da sanin wannan dabara. Tana aiki a blak metal ne domin sautin jitarsu siriri ne, an rage masa ƙasa, ana kuma kaɗawa da saurin karkarwa a tsirkiyoyin tsakiya da na sama, don haka ƙazantar da distoshin ke haifarwa ta zama hazo maimakon laka. Ka gwada wannan kod ɗin a jitar da aka sassauta zuwa B da distoshin mai kauri, ba za ka bambance maino da mejo ba. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi biyan wahala: koyonta ba ya ɗaukar mako, kuma tana karɓar kibod da murya mai zaƙi.

Ta biyu ita ce karon sautuka da gangan. Denis D'Amour na ƙungiyar Voivod daga Kebek a Kanada ya fara nuna hanyar a ƙarshen shekarun 1980, Gorguts, su ma daga Kebek, suka kai ta ƙarshe a Obscura na 1998, Ulcerate na Niyu Zilan kuma suka gina dukan salonsu a kai. Ga yadda za ka ɗanɗana: danna firet na 5 a tsirkiyar G, wato C, ka bar tsirkiyar B a buɗe, ka kaɗa su tare. Firet ɗaya ne tsakaninsu, kuma za ka ji suna gogar juna kusan sau 15 a daƙiƙa. A can sama abin yana da kaifi, kowane sauti na fita. Sauko ka haɗa buɗaɗɗiyar A da firet na 6 na tsirkiyar E, tazara iri ɗaya, sai ka ji taɓo kawai. Ƙa'idar da masu wannan salo ke bi ke nan: sauti ɗaya a ƙasa, faɗan a sama, distoshin kuma a rage shi fiye da yadda zuciya ke so. Hanya ce mai tsada. Tana son tsirkiyoyin da aka saita daidai ƙwarai, domin mai sauraro ba shi da yadda zai gane karon niyya daga na sakaci sai idan komai na kewaye tsaf yake. Tana son haƙurin sutudiyo. A dandali mai amsa-kuwwa kuma rabin aikin na iya narkewa.

Idan kuna da jita biyu, akwai mafitar da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Sababbin sautukan nan da distoshin ke haifarwa suna fitowa ne idan sautuka biyu suka bi ta amfilifaya ɗaya. Idan kowace jita ta kaɗa sauti guda ta nata amfilifayar, sai a iska ko a teburin haɗa sauti za su gamu, bayan an gama gurɓata kowanne. Wannan ne ya sa tagwayen jitar Thin Lizzy da Iron Maiden ke fitowa tas da tazarar firet 3 da 4. Dabarar ba ta san daɗi ko ɗaci ba. Ba wa ɗaya E, ɗayan F ko B-filat, ka tura ɗaya kunnen hagu ɗaya na dama, za ka sami karo mai tsabta wanda jita ɗaya ba za ta taɓa bayarwa ba.

To wanne za ka ɗauka? Duba ƙungiyarka kafin ka duba littafi. Jita ɗaya da mai rera waƙa na gaske: Firijiyan, a riƙa aro firet na 6 inda ake son a tsorata mutane, a ajiye Firijiyan dominan don solo. Waƙa mai jan ƙafa: tiraiton da shiru mai yawa tsakanin sautuka. Gudu da gurnani: tsani mai takwas, amma a ɗaure shi da gida, kuma a ba shi sashe ɗaya ko biyu, ba dukan waƙar ba. Wanda ke son faɗi da sanyi: kod maino masu zamewa. Karon sautuka kuwa ba zan ba wa mai jita ɗaya shawarar ya fara da shi ba.

Yadda ka saita tsirkiya ma yana da ta cewa. Iommi, wanda ya rasa kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, ya sassauta jitarsa da firet 3 zuwa C-shaf a Master of Reality na 1971, kuma tun daga nan ake ta sauka. E na jitar da aka saba yana karkarwa kusan sau 82 a daƙiƙa. Tsirkiya ta takwas ta Meshuggah, 'yan garin Umea na Suwidin, tana kan F mai kusan 44, wato yankin jitar bes. A wannan zurfi ko fawa kod yana fara dushewa, shi ya sa rif ɗinsu yawanci sauti ɗai-ɗai ne, baƙuntar kuma suka mayar da ita cikin lissafin bugu: jita na zagaya salon da bai dace da huɗu-huɗu ba, hannun mai gangarsu Tomas Haake a kan farantin ƙarfe na ganga yana riƙe da huɗu-huɗun, sai bayan zagaye da yawa su sake haɗuwa. Idan jitarka mai tsirkiya bakwai ce ko takwas, ka sani duk wani kod mai launi sai dai ya zauna a tsirkiyoyi huɗu na sama ko a hannun jita ta biyu.

Kada kuma a manta da mai bes, wanda galibi ake barin sa yana bin jita sawu da sawu. Riƙe E maino a jita kada ka motsa. Idan bes na kan E, kod ne na kullum. Ya koma C, sai abin ya buɗe ya yi laushi. Ya koma C-shaf, tiraiton ta bayyana tsakaninsa da G ɗinka. Ya hau F, komai ya ɗaure. Launi huɗu ke nan daga siffar yatsu guda, kuma tunda bes na bi ta nasa amfilifayar, distoshin ɗin jitar ba zai taɓa su ba. Ku gwada wannan a atisaye na gaba kafin wani ya sayi sabuwar jita.